Garmahon da Aka Karɓe Mini a Inuwar Gawo

Zuwa ga Mushe Isufu,
Shugaban Amikal ta Inuwar Gawo,
Sabon Gari, Maraɗi,
da 'yan kwamitinsa, da duk mamban da takardar nan ta riska.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ƙarami ga babba. Ina tambayar lafiyarka da ta iyali, da gajiyar lakwal, wato makaranta, da yadda kake fama da 'ya'yan mutane. Ina gaida 'yan kwamiti ɗaya bayan ɗaya, kowa da girmansa. Allah ya sa takardar nan ta same ku cikin ƙoshin lafiya.

Ni ne Abdu ɗan Gado, mutumin Jiratawa, mai tsaron sito a kantin Nasara na bakin kasuwa, wanda ke tsayawa kan sikeli idan kakar gujiya ta zo. Mafi yawanku kun fi sanina da Abdu Mai Garmaho. Ku kuka sa mini sunan, ku kuma kuka karɓe abin da ya jawo shi. Saboda waɗanda ba mambobi ba da za su ji ana karanta wannan, bari in ce Amikal gida ne da ma'aikata 'yan ƙasa suka haɗu suka gina, malaman lakwal da na asibiti da ma'aikatan biro, wato ofis, da na kantuna, domin gidan shaƙatawar Nasara ba ya karɓar baƙar fata sai in da tire a hannunsa. A namu muke taruwa bayan la'asar, a buga karta, a karanta jarida, a sha lemu, ranar Asabar kuma a sa faifai a taka rawa.

Na rubuto a fili ne saboda kwamiti ya dakatar da ni, kuma doka ta ce wanda aka dakatar ba ya ƙetare ƙofa, ba ya magana a taro. Na je gidanka aka ce kana hutawa, na koma aka ce ka fita. Saboda haka na kwafi takardar na ba wasu mambobi, su karanta ta inda suka ga dama. Da Hausa na rubuta, don an riga an hukunta ni a kan Hausa, ban ga abin da ya rage in ji tsoro ba.

Na ɗaya: yadda aka karɓe ni.

Dokokin Amikal ba baƙi ba ne a wurina, na haddace su tun kafin a ba ni kujera. Mai son shiga sai mambobi biyu sun tsaya masa. Sai ya karanta jaridar Faransanci a tsaye gaban jama'a. Sai ya zauna a bencin baya, ba ya sa baki a taro, ba ya taɓa karta, har kwamiti ya gamsu da halinsa. Ba a shiga sai da wando da taguwa da rufaffen takalmi. Ba a cin goro. Da zarar an taka dakalin zaure, Faransanci kaɗai ake yi. Wanda ba mamba ba iyakarsa ƙofa, ban da matan aure ranar babbar rawa ta ƙarshen kaka.

Damuna biyu na yi a bencin nan, ranka ya daɗe. Kowa ya san ban gama lakwal ba, mahaifina ya janye ni shekarar da fari suka cinye mana gona. Ranar karatun jarida harshena ya sarƙe a wata doguwar kalma, na yi ta komawa kanta tana ƙin fita, aka yi dariya har wani malamin asibiti ya ciro hankici yana share hawaye. Kai da kanka ka buga tebur ka ce a yi shiru, amma na ga kafaɗunka suna rawa. Na haɗiye. Takalmin da na fara zuwa da shi wani kukun Nasara ne ya sayar mini, ya yi mini kaɗan, har yau akwai tabonsa a dunduniyata ta hagu. Daga gida nakan riƙo shi a hannu, sai na zo kwanar Amikal in zauna gindin katanga in sa. Goro kuwa, ni da na tashi a gidan da ake karya kumallo da shi, na bar shi gaba ɗaya, don kada a ga ja a haƙorina a ce a ciki na ci.

Ban kawo wannan don in yi kuka da doka ba. Ina son dokar, ina ganin ita ta sa gidan ya zama gida. Ranar da ka kira sunana ka ce in taso daga bencin baya in dawo cikin mutane, kasa cin tuwo na yi don murna. Washegari na sami mai zuwa Jiratawa na aika a gaya wa tsohona ɗansa ya shiga sahun ma'aikatan gari.

Na biyu: garmaho.

Lokacin da na zama mamba, garmahon Amikal yana ƙarƙashin tebur, zanzaro ya yi ɗaki a cikinsa. An ce ya mutu. Wani ɗan kwamiti ma cewa ya yi a ba maƙera su ga abin da za su cira. Na roƙa a ba ni in gwada. Na ɗauke shi a ka na kai gida, na kwance shi, na wanke da kananzir, na nemo wani mai gyaran agogo ɗan Damagaram ya haɗa mini ƙarfen wanin da ya tsinke a ciki. Ranar da ya sake buɗe baki a zaure, masu karta suka zubar da karta suka taso. A gaban kowa ka dafa ni ka ce daga yau Abdu ne mai garmaho.

Tun daga ranar Asabar ba ta wuce ni ba, ko da zazzaɓi, ko da ranar da muka wuni muna awo har ba na iya miƙe baya. Faya-fayanmu tsofaffi ne, ba su da yawa, na san inda kowanne ya karce, na san lokacin da zan ɗan taimaki allura da yatsa ta tsallake. Ni ba gwanin rawa ba ne. Karta in na zauna cinye ni ake yi. Faransancina ba mai daɗin ji ba ne, ba a neman ra'ayina in ana gardamar abin da jarida ta ce. Amma in na sauke allura kowa motsawa yake, in na ɗaga ta kowa tsayawa yake, ya juyo ya dube ni yana jiran na gaba. Har tafintan kwamandan, mutumin da ba ya amsa gaisuwata a kasuwa, yakan zo ya sunkuya ya ce don Allah Abdu a maimaita wancan. Matsayina ke nan a gidan, ba ni da wani.

Na uku: Haruna.

Haruna ɗan Tsibiri ne, direban kamiyon da ke kai gujiya Kano. Tabarma ɗaya muka kwana a kai muna 'yan lakwal, shi ya gudu tun kafin a janye ni. Abokina ne, ko yau aka tambaye ni haka zan ce. Shi ya same ni a sito ya ce yana son shiga Amikal, in tsaya masa. Na tsaya masa, kuma zan faɗi abin da ke raina a lokacin. Na ɗauka zai zauna a bencin baya kamar yadda na zauna, ni ina gaba, in riƙa waiwayowa ina nuna masa yadda ake riƙe jarida. Tun muna yara shi ne gaba a komai, gudu, kokawa, waƙa, har masu tallan fura shi suke ƙara wa nono. Na ce a raina, to ga wuri ɗaya a duniya da na riga shi zuwa.

Ranar da ya fara zuwa, ya shigo da sababbin faya-fayai daga Kano, ƙasar Ingilishi, naɗe cikin bargo. Aka ce in sa ɗaya, na sa. Kiɗa ne irin na mutanen bakin teku, mai ƙaho da ganga, ba mu taɓa jin irinsa ba. Kafin faifan ya kai rabi Haruna ya jawo magatakardan Amikal tsakiyar fili yana koya masa taku, mutumin da ban taɓa ganin haƙoransa ba yana dariya kamar yaro. Aka manta da jarida. Da na matsa na tuna wa magatakarda, a hankali, a kunnensa, sai ya ce mini ai wanda ke karanta allunan hanya daga nan har Kano ba ya bukatar gwaji. Bencin baya kuwa Haruna bai san taurinsa ba. A zama ɗaya ya zama mamba, kafin magariba yana teburin karta yana rabawa.

Tun daga nan nake kallo, kuma ba ni kaɗai ke da ido ba. Haruna yana shigowa da takalmi fade, a ce ai rufaffe yana dafa wa direba ƙafa. Yana shigowa da goro a kumatu, a ce ai don kada barci ya ɗauke shi a hanya ne, alhali kamiyon yana tasha an rufe shi da tamfol. Faransancinsa rabi Hausa ne, rabi Ingilishin tasha, ɗan abin da ya rage ne na Faransa. In ya kwaɓa ana dariya, amma dariyar so ce, a dafa kafaɗarsa, a ce ya sake faɗa. Tawa dariyar ba irinta ba ce. Duk wanda aka taɓa yi wa dariya yana tsaye da jarida a hannu ya san bambancin.

Duk da haka na ci gaba da yi wa garmaho wani, ina sa faya-fayan Haruna, ana tafa wa Haruna.

Na huɗu: mutum biyu a ƙofa ɗaya.

Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai, ina roƙon a karanta shi a hankali.

Bara, ana gab da kaka, matata Haju ta haifi ɗanmu na fari. Mahaifina Gado ya taso daga Jiratawa da ƙafa, yana jaye da ragon suna. Ya iso gari ranar Asabar bayan la'asar. A gida aka ce masa ina Amikal, ya ɗaure ragon, ko zama bai yi ba ya biyo tambaya har ya zo ƙofa. Tsoho ne manomin hatsi, da 'yar shararsa, ba takalmi, ƙasar gulbi har gwiwa. Mai gadi ya tsayar da shi ya shigo ya gaya mini. Na zo wurinka, da Faransanci na roƙe ka. Na ce ba zaure nake nema masa ba, a bar shi kawai ya zauna gindin gawon tsakar gida ya sha ruwa ya huta. Ba da faɗa ka amsa mini ba. Ka ce in aka buɗe wa uban Abdu yau, gobe uban kowa zai zo da jakinsa. Na ga gaskiyarka. Na ɗebi ruwa a moɗa na kai masa waje, ya sha a tsaye. Yana sha yana leƙen ciki ta saman kafaɗata, yana son ya ga akwatin nan mai waƙa da aka ce ɗansa ne ke sa shi magana. Na ce ya ɗan jira ni, faifai zai ƙare, ba mai canzawa sai ni. Ya tsuguna a bakin hanya har aka kira magariba. Da muka kama hanyar gida, labarin damuna da na ragon kawai ya yi ta ba ni. Na bi doka ranar, kuma abin da ya sa na iya barci shi ne sanin cewa haka za a yi wa uban kowa.

Bayan babbar sallar nan da ta wuce, Haruna ya zo da kawunsa, wani Alhaji babban ɗan kasuwar tufafi. Mai gadi bai tsayar da shi ba, rusunawa ya yi. Ya shigo da babbar riga da fade, goro cike da baki. Ka taso da kanka ka tarye shi a tsakar gida, ka yi masa sannu da zuwa da Hausa, Hausar da ban taɓa sanin kana da mai daɗi haka ba. Ka hau da shi dakali, ka shiga da shi zaure, ka ba shi kujerarka. Ya tofar da tukar goro a gefen dakali, magatakarda ya ja ƙasa da ƙafa ya rufe yana murmushi. Sannan ka juyo ka ce mini in sa wa Alhaji faifai. Na sa. Ya taso ya duƙa a kan garmahon yana kallon yadda allura ke bin faifai, ya daɗe yana kallo, yana kaɗa kai, yana tambayata yadda ake yi. Ina amsa masa ina tuna wanda ya so ya yi wannan kallon aka bar shi a bakin hanya.

Na ji an ce Alhaji ya yi alkawarin kwanon rufin zaure. Ban ƙi kwano ba, ni ne nake rungume faya-fayai ina neman inda ba ya yoyo in ruwa ya sauko. Amma a dokokin da na haddace babu inda aka ce ƙofa tana buɗewa ga mai kwano. In akwai, a nuna mini wurin, don in san abin da zan gaya wa mutanen gidanmu.

Na biyar: ranar taro.

A taron da ya biyo baya, magatakarda ya miƙe ya ce kwamiti ya ga ya dace a miƙa garmaho ga Haruna, tunda shi ke kawo faya-fayai, kuma ana gode wa Abdu bisa ƙoƙarinsa. Ba wanda ya kira ni gefe ya gaya mini kafin nan. Ina zaune da ƙyallen goge faifai a aljihuna na ji. Aka tafa. Na ɗaga hannu na nemi izini kamar yadda doka ta ce, ka ba ni, na miƙe na fara da Faransanci. Na ɗan yi gaba kaɗan, sai kalmomi suka watse mini. Na ji wani ya fara dariya a baya. Daga nan sai kawai na ji bakina yana Hausa. Abin da na faɗa ba zan gyara shi ba, ga shi yadda ya fito:

"Ranka ya daɗe, dokar gidan nan masu tafiya da ƙafa kaɗai take gani. Ubana ya sha ruwa a tsaye a ƙofar nan, kawun Haruna ya tofar da goro a dakalin nan, ni kuma aka karɓe wa garmaho."

Iyakar abin da na ce ke nan. Ban zagi kowa ba, ban nuna kowa da yatsa ba. Ba a amsa mini ko kalma ɗaya daga ciki ba. Kwamiti ya shiga ɗaki ya fito ya ce na yi Hausa a zaure, na kuma ambaci baƙon Amikal da rashin ladabi, an dakatar da ni har a rufe sikelin gujiya. Mai gadin nan da ya tsayar da ubana shi ya raka ni ƙofa, yana ba ni haƙuri ƙasa-ƙasa.

Kowa ya san babbar rawa kafin rufe sikeli ake yin ta, kuma waɗanda suka yanke hukuncin sun fi kowa sani. Haju ba ta taɓa shiga Amikal ba. Shekarar da muka yi aure ta ce ba ta da tufar da za ta tsaya kusa da matan malaman lakwal da ita, bara kuma goyo ya hana ta. Bana na yanko mata atamfa ta sallah, ta hana kanta sawa, ta ce sai ranar rawa. Tun damuna nake koya mata taku a tsakar ɗakinmu, ina yin kiɗan da baki, yaro a bayanta yana ƙyalƙyala dariya. Da na gaya mata abin da ya faru, ba ta yi mini ƙorafi ba. Ta ninke kayan ta sa a ƙasan akwati, ta ce Allah ya kai mu baɗi.

Na shida: abin da ake faɗa a kaina.

An gaya mini a teburin karta ana cewa ba komai ke damun Abdu ba sai ƙyashi. To, ranka ya daɗe, gaskiya ne, ina jin ƙyashin Haruna. Ina jin ƙyashin yadda yake shigowa kamar gidan ubansa, ni kuwa har ranar da aka fitar da ni sai na duba takalmina kafin in taka dakali. Ina jin ƙyashin yadda kake kiran sunansa kai tsaye kamar ƙanenka. Ina jin ƙyashin yadda ake matsa masa wuri tun bai iso ba. In ina sito na ji ƙarar kamiyonsa ya shigo gari, na san ta a cikin kowace mota, sai ƙyashin ya taso mini. Na yi istigfari, na yi sadaka, abin bai tafi ba. Amma ƙyashina ba shi ya sa masa fade a ƙafa ba, ba shi ya yafe masa jarida ba, ba shi ya buɗe wa kawunsa ƙofa ba. Ku cire ƙyashin ku ajiye gefe, ku duba abin da ya rage, ku gaya mini ko ƙarya ne.

Haruna ya zo gidana bayan an dakatar da ni. Ya kawo wa Haju sukari, ya kawo mini kwalin allurar garmaho daga Kano. Ya zauna a tabarmata ya ɗauki ɗana yana yi masa wasa. Ya rantse shi bai nemi garmaho ba, ya ce ai rabin Asabar ma ba ya gari. Na yarda bai nema ba, kuma abin da ya fi zafi ke nan. Abin da na ɗauko daga ƙarƙashin tebur na raya da hannuna, shi aka miƙa wa mutumin da ko tambaya bai yi ba. Da zai tafi ya ce in kwantar da hankalina, in an mayar da ni sai mu raba aikin: "Kai ka riƙa yi masa wani, ni in riƙa zaɓen faifai." Da zuciya ɗaya ya faɗa, na san Haruna. Na raka shi har bakin hanya muka yi sallama. Da na dawo na ba Haju kwalin allurar na ce ta ajiye inda ba zan gan shi ba.

Juma'ar da ta wuce na je Jiratawa taya su ɗaurin hatsi. Labari ya riga ni isa. Mahaifina bai yi mini faɗa ba, bai kuma jajanta mini ba. Muna cikin ɗaure dami, idonsa na kan igiya, ya ce:

"Abdu, gidan nan da na tsaya a ƙofarsa, ashe kai ma baƙo ne a ciki?"

Na ce masa a'a Baba, ni ɗan gida ne, hutu aka ba ni. Ya ce to madalla, ya ci gaba da ɗauri. Ina so in ji daga bakin kwamiti ko gaskiya na gaya wa ubana.

Saboda haka, cikin ladabi, ga abin da nake roƙo.

Na farko, a karanta takardar nan a taro. In Hausa ba za ta shiga zaure ba, a fito tsakar gida a karanta, ni zan tsaya a waje in saurara.

Na biyu, doka ta zama ɗaya. Ko dai Haruna ya tsaya ya karanta jarida gaban jama'a, ya ɗanɗana bencin baya ko na wata guda ne, ko kuwa kwamiti ya fito fili ya ce an soke wannan doka, don wanda zai zo bayana kada ya sha wahalar banza.

Na uku, in ƙofa ta buɗe ga iyaye, ta buɗe ga na kowa. A ba ni izini in kawo Gado mutumin Jiratawa, da 'yar shararsa yadda yake, ya zauna inda Alhaji ya zauna, in sa masa faifai ɗaya da hannuna. Ɗaya ya isa.

Na huɗu, a ɗage dakatarwar kafin babbar rawa. In kwamiti ya ga ba zai iya ba, to a bar Haju ta shiga tare da matar wani mamba. Ita ba ta yi wa kowa Hausa a zaure ba.

Na biyar, a mayar mini da garmaho, ba rabi ba, duka. In kuma an ƙi, rigar da ke lulluɓe da shi ba ta Amikal ba ce, Haju ce ta ɗinka ta da ragowar zanenta. A cire a aiko mini da ita.

Wasu sun ba ni shawara in bar muku gidan, in koma majalisar bakin kasuwa inda ba a tambayar takalmi. Ba zan bari ba. Na sha wuya kafin in shiga, kuma ban yi abin da za a ce na fita da kunya ba. In an ƙi duk abin da na roƙa, zan cika hukuncina har ranar da aka rufe sikeli, washegari in sa wandona da rufaffen takalmina in dawo. Tunda ba ni da garmaho, zan ɗauki kujera in ajiye kusa da dakali, ina duban ƙafar duk mai shigowa da bakinsa. Duk abin da na gani zan ɗaga hannu in faɗa, da Faransanci, komai daɗewar da jimlar za ta yi kafin ta fito. Mai dariya ya yi.

Allah ya ƙara maka girma da lafiya, ranka ya daɗe. Allah ya yi wa zuri'arka albarka, ya ba ka ikon yin adalci tsakanin mai mota da mai ƙafa. Allah ya haɗa kan 'yan kwamiti a kan gaskiya, ya raya Amikal, ya sa a ga kwanon nan a kan zaure kafin wata damuna. Haruna kuma Allah ya kiyaye shi a hanyar Kano, ya kai shi lafiya ya dawo da shi lafiya. Wannan addu'ar ta ƙarshe na daɗe riƙe da alƙalami kafin in rubuta ta, amma na rubuta, kuma ina roƙon Allah ya karɓa.

Wassalam.

Naku,
Abdu ɗan Gado,
mamban Amikal ta Inuwar Gawo, wanda aka dakatar.